Maganin ciwon bayan tsofaffin sojoji a nan Amurka

Yaya barka da warhaka, ya gida ya jikin Baba? Ka ce in nemo irin maganin da ake ba tsofaffin sojojin nan na ciwon baya in aiko masa, to wallahi abin da na gani ba ya shiga jaka.

Dattijon da nake aikin kula da shi ya yi yaƙin Vietnam, baya da gwiwa sun daɗe da cinye shi. Duk sati sai in jingina masa iPad a kan tebur ya shiga VA Video Connect, manhajar ma'aikatar tsofaffin sojoji ce da suke ce wa VA, sai ga fuskokin tsaransa kowa daga falonsa, wani da sanda a gefe wani da robar iska a hanci, ga likitar halayyar ɗan adam tana jan zaman. Ba allura ba ƙwaya. Koya musu ake yadda za su riƙa aiki kaɗan kaɗan, kar mutum ya ji sauƙi yau ya hau yankan ciyawa har yamma gobe ya kasa tashi, da jan numfashi a hankali, da gyaran barci, da yadda zai ture tunanin nan na ai ni na gama amfani. Har aikin gida ake ba su, kowa ya rubuta inda ciwon ya kai tsakanin 0 zuwa 10, kuma in ka ji suna tsokanar wanda bai yi nasa ba sai ka rantse bariki kake.

Ba don tausayi kawai suka koma haka ba fa. Da can oxycodone, wata ƙwayar kashe ciwo mai ƙarfi, da danginta ake ɗirka musu, da yawa suka kamu da jarabarsu wasu suka mutu, shi ya sa tun 2013 VA ta fara janye hannu. A 2018 kuma aka ba likitocinta damar duba mara lafiya ta bidiyo ko a wace jiha yake, wanda ba shi da intanet har aron iPad ɗin suke ba shi.

Ciwon dai bai tafi ba, kar in yi maka ƙarya, wani lokacin ma rabin zaman a kan "ba ma jin ka, buɗe makirfon" yake ƙarewa. Amma mutumin da ke wuni a kujera yanzu da ƙafarsa yake zuwa ɗauko wasiƙa.

Shi Baba tun dawowarsu daga Laberiya da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, daga kemis sai man zafi, kuma diclofenac ɗin nan da yake sha kullum tana cin ciki da ƙoda. Abokan hira kam ya fi su, majalisar ƙofar gida kaɗai ta ishe shi, mai ilimin abin ne babu a cikinsu. Don Allah ka kai shi a auna masa ƙoda, ka kuma tambaya ko akwai likitan gashin ƙashi kusa, zan turo kuɗin ƙarshen wata in sha Allah. A gaida Inna.