Guzurin Umara: a hannu ko a kati?

Hajiya, kin tambaya ko ki riƙe guzurin Umararki ta sati biyu a hannu, ko ki zuba shi a kati.

Kuɗin hannu shi ne na hidimar kullum: tasi, abinci, mai tura keken ɗawafi, sadaka. Inda ake tafka asara shi ne wurin saye a nan Sakkwato. Tun 1986 Saudiyya ta tsayar da dala ɗaya a kan riyal 3.75, don haka ki tambayi ɗan canji farashin dala, ki raba da 3.75. In farashin riyal ɗinsa ya ɗara abin da ya fito sosai, ki sayi dala ki canza a Makka ko Madina, inda dala 100 za ta ba ki kusan riyal 375. Ki nemi sababbin 'yan ɗari-ɗari masu shuɗin zare, ba yagewa ba tabon biro, domin tsofaffi da ƙanana ana karya musu farashi. Duk da haka ki tashi da riyal na kwana biyun farko, canjin filin jirgi akwai tsada. Aibin kuɗin hannu ɗaya ne: in ya faɗi cikin cunkoso, ya tafi ke nan.

Kati kuwa in ya ɓace sai a toshe shi, kuma ya fi dacewa da otal, manyan shaguna da tikitin jirgin ƙasa na Haramain. Amma kafin tafiya ki je banki a faɗa miki ko katinki na aiki a waje da iyakar abin da zai cire. Kada ki ajiye layinki na Najeriya a gida, a kansa lambar tabbatarwa ta banki ke shiga. In na'ura ta ba ki zaɓin kuɗin da za ki biya da shi, ki zaɓi riyal. Idan PTA za ki nema, wato kuɗin waje na guzurin tafiya da banki ke sayar wa matafiyi, a 2024 dala 4,000 ne iyaka a wata uku, kuma a shekarar aka hana bankuna bayar da shi a tsaba.

A ganinmu, na ci da mota ki riƙe a hannu, ki kasa shi kwana-kwana, ki fita da na ranar kawai. Na tsaraba ya zauna a kati har kwanakin ƙarshe, ki kuma ware wani abu saboda kuɗin nauyin kaya.