Jif ɗin bidiyo ko motar zuwa aiki: abin dubawa kafin sayen mota a Indiya

A Indiya yanzu cinikin mota a waya yake farawa. Tun da kamfanin Jio ya karya farashin data a 2016, sannan gwamnati ta haramta TikTok a 2020 jama'a suka koma Instagram da YouTube, da wuya mutum ya taka shagon dila bai riga ya kalli motar da yake so a bidiyo ba. Ranar karɓar mota kuwa biki ce guda: an lulluɓe ta da jan ƙyalle, an miƙa wa maigida ƙaton makullin kwali don ɗaukar hoto, ga kek, wasu su sa lemun tsami a ƙarƙashin taya a taka kafin a fita titi, ƙanin maigida na gefe yana ɗauka da waya. Matsalar ita ce bidiyon ranar farko kaɗai yake nunawa, alhali mai mota zai shekara biyar ko bakwai yana biyan banki. Duk wanda zama ya kama shi a Delhi ko Bangalo ko Haidarabad, ɗan ƙasa ne ko namu da karatu ko aiki ya kai, da waɗannan shekarun ya kamata ya yi lissafi.

A fara da tsawon mota, domin a nan kuɗi ke ɓuya. Dokar harajin Indiya tana sassauta wa motar da ba ta wuce mita 4 ba, in injinta na fetur bai haura cc 1,200 ba, ko na dizal cc 1,500. Daga watan Satumba na 2025 harajin irin waɗannan ya sauko daga kashi 28 zuwa 18 cikin ɗari, manya kuma suna biyan 40. Shi ya sa Swift da Dzire da Baleno na Maruti Suzuki, da Punch da Nexon na Tata, duk aka yanka su ƙasa da mita 4. Creta ta Hyundai da Scorpio-N ta Mahindra, waɗanda suka cika shafukan zumunta, suna ɗaya ɓangaren. Kuma farashin da mai bidiyo ke faɗa yawanci na cikin shago ne. Kafin mota ta hau titi sai an ɗora harajin hanya, wanda kowace jiha ke yanka nata, da kuɗin lamba, da inshora, wadda doka ta ce sabuwar mota sai ta biya shekara 3 a dunƙule na ɓangaren da ke kare wanda aka buge. Ka nemi dila ya rubuta maka jimillar a takarda, layi-layi, ka soke kayan ado da ya cusa ba ka nema ba.

Jif ita ce sarauniyar Instagram, kuma ba a banza ba. Titunan Indiya akwai ramuka da tudun rage gudu, damina kuma takan mayar da unguwanni a Mumbai da Chennai tafki, don haka mota mai tsayi daga ƙasa tana da ranarta. Lokacin da Mahindra ya buɗe rajistar Scorpio-N a Yulin 2022, mutum 100,000 suka yi oda cikin minti 30. Amma dubi Thar, jif ɗin Mahindra mai ƙofa uku da samari ke mutuwar so: kujeru huɗu ne, but ɗinta ɗan mitsitsi, kuma kafin kaka ta shiga baya sai an kwantar da kujerar gaba an tallafe ta. Mota ce ta hawa tsaunukan Ladakh da yashin Rajastan. Wanda tafiyarsa ba ta wuce ofis da makarantar yara ba, mai kawai za ta yi ta sha masa a cunkoso, ga wahalar fakin a lungu. A ganina ƙaramar jif irin Punch ko Nexon ta wadatar da yawancin iyali, tana ba da tsayin ba tare da babban harajin ba. Ba mamaki Punch ta zama motar da aka fi saya a ƙasar a 2024, karo na farko cikin shekaru 40 da wata mota ta ture Maruti daga saman.

Rufin gilashi mai buɗewa ma bidiyo ne ya tallata shi. A garin da zafi ke haura digiri 45 ga ƙura da hayaƙi, ba a cika buɗe shi ba, in ban da lokacin da yara ke miƙewa su zuro kai waje mota na gudu, abin da ke ɗaga min hankali ƙwarai, kuma 'yan sanda na cin tara a kai. Kuɗin nan ya fi kyau a zuba su wajen tsaro.

A nan dai dole a yaba wa shafukan zumunta. Kafin 2014, da Global NCAP, ƙungiyar auna tsaron motoci, ta fara gwada motocin Indiya ta hanyar haɗa su karo da gangan, mai saye tambayarsa ɗaya ce, kilomita nawa take yi a lita. Bidiyon waɗannan gwaje-gwaje sun zaga ƙasa, mutane suka ga yadda wasu motoci ke lotsewa kamar gwangwani. Nexon ta zama ta farko ƙirar Indiya da ta sami taurari 5, maki mafi girma a gwajin, a 2018, gwamnati ta kafa nata gwajin, Bharat NCAP, a 2023, Maruti da aka daɗe ana yi wa gori kuma ya sami taurari 5 da sabuwar Dzire a 2024. Sai dai a kula: sakamakon na samfurin da aka gwada ne da shekararsa, kuma ana kwatanta mota ne da masu nauyi irin nata. Bidiyon haɗarin da wani ya ɗora yana yabon ƙarfen motarsa ba hujja ba ce. Je shafin masu gwajin ka duba da idonka, ka tabbatar akwai jakar iska shida.

Sai batun mai. Fetur shi ne mafi sauƙin rigima, amma yanzu gidajen mai suna sayar da wanda aka gauraya da itanol kashi 20, kuma motocin da aka ƙera daga Afrilun 2023 ne aka shirya masa. Dizal na da amfani ga mai doguwar tafiya a babbar hanya, amma a Delhi da kewayenta an shafe shekaru ana ƙayyade wa motar dizal shekara 10 a titi, ta fetur 15, kuma wannan ya karya darajarta a kasuwa. Maruti ma ya daina ƙera motar dizal tun 2020. Iskar CNG ita ce abokiyar mai yawan zirga-zirga a Delhi da Mumbai da Gujarat: tana da araha, sai dai akwai layi a gidan mai, ƙarfin mota na ɗan raguwa, tulun kuma na cinye but, ko da yake Tata ya raba nasa gida biyu ya ɓoye a ƙasa. Motar lantarki harajinta kashi 5 ne kacal, amma kafin ka kalli Nexon EV ko Windsor ta MG, tambayi kanka ko kana da wurin fakin naka na kanka da za a ja maka wuta. In a gidan haya kake mota na kwana a titi, haƙura da ita tukuna.

Alƙaluman shan mai da kamfani ke bugawa daga ɗakin gwajin ARAI, hukumar gwada motoci ta Indiya, suke fitowa. A goslo da na'urar sanyi a kunne ba za ka gan su ba. Masu bidiyon da aka gayyata otal aka ba su mota ta kwana ɗaya ma ba su san halinta ba. Gwamnati ta wajabta musu tun 2023 su bayyana in biyan su aka yi, to duba alamar. Wanda ya fi cancanta a saurara shi ne mai motar da ta ci kilomita 40,000, yana faɗin kuɗin sabis da tsawon jiran kayan gyara. Ta wannan fuskar Maruti da Hyundai na gaba, don kusan kowane gari akwai bakanikensu. General Motors ya daina sayarwa a ƙasar a 2017, Ford ya sanar da rufe masana'antunsa a 2021, masu motocinsu suka ga farashi ya faɗi.

Namu da shekara biyu ko uku kawai zai yi, mota ta hannu ta fi masa, tunda sitiyarin motar Indiya a dama yake, ba ta dawowa da ita Kano ko Maraɗi ba ce. Dillalan motocin hannu irin True Value na Maruti da Spinny da Cars24 sun fi tsada kaɗan amma suna ba da garanti. Shafin saye da sayarwa na OLX da Facebook sun fi araha, can kuma 'yan damfara suke, musamman masu cewa su sojoji ne an yi musu canjin wurin aiki, a turo kafin alƙalami. Kar ka tura ko rupi ɗaya sai ka ga mota. Sa lambarta a manhajar mParivahan ka ga sunan mai ita, ka bincika tarar da ake bin ta da bashin banki, ka kai ta wurin bakaniken da kai ka zaɓa, kuma kar ka cika kuɗi sai an sa hannu a takardun mayar da rajista zuwa sunanka.