Alobera a Legas: 'ya'ya za ki cira, ki rabu da dasa ganye

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin tambayi yadda za ki dasa alobera a Legas, da ganye ko da 'ya'yanta. Tsakanin yanko ganyen alobera ki soka a ƙasa da cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar, 'ya'yan za ki cira, babu wani dogon lissafi a ciki. Na ga wasu har sun ce ki sayi iri ki shuka, shi ma zan taɓa shi daga baya.

Abin da ya sa na ce haka, ita alobera daga kututturenta take fitar da tsiro. A nan idanun suke, can ƙasa inda ganye ya haɗu da saiwa. Ɗan da kika gani ya leƙo a gefen uwa cikakkiyar shuka ce, da zuciyarta da komai, sau da yawa ma har ya riga ya yi tasa saiwar. Aikinki kawai ki raba su. Yaye ne, kuma kamar kowane yaye, ba a yin sa da wuri. Ki bari ɗan ya kai tsawon tafin hannu, santimita 10 zuwa 15, da ganye huɗu ko biyar. Wanda bai kai haka ba yana iya kamawa, amma zai daɗe yana nukusani.

Tawa uwar aloberar, wata tsohuwa Bayarabiya ce maƙwabciyarmu a Agege ta ba ni ita sanda muka tare, a cikin gwangwanin madara, 'yar mitsitsiya. Da Hausarta rangaɗaɗau irin ta mutanen Agege ta ja mini kunne cewa ƙishi ba ya kashe wannan abar, ruwa ne ke kashe ta. Allah ya jiƙan rai, ta daɗe da rasuwa, amma jikokin shukarta sun cika mini baranda. Duk amaryar da aka kawo layinmu sai na aika mata da ɗaya a tukunya, wasu har Idi-Araba da Mile 12 sun kai. Ranar da ɗan autana ya taɓa murfin tukunya da zafi, gindin alobera na nufa kafin in nemi komai. Ban taɓa sayen ko ɗaya ba, ban kuma taɓa rasa ta ba.

Ga yadda nake yi. Kwana biyu ko uku kafin aikin nakan daina ba ta ruwa, don ƙasar ta saki. Sai in kwantar da tukunyar in zaro uwar gaba ɗaya, in kakkaɓe ƙasa. Haƙa da cokali daga sama yana tsinka saiwa, shi ya sa na fi son in fito da komai fili in ga inda ɗan ya maƙale. Wani da kin murza shi a hankali zai rabu. Wanda ya ƙi, ki sa wuƙa mai kaifi, wankakkiya, ki yanke mahaɗar, ki bar masa saiwarsa gwargwadon hali. Daga nan kada ki dasa. Ki shimfiɗa su a inuwa inda iska ke kaɗawa har wurin yankan ya bushe ya yi ɓawo. A Kano yini ɗaya zuwa biyu ya isa, a Legas da wannan raɓa da damshi ki ba shi kwana uku, ko huɗu in ana ruwa. Ɗanyen ciwo in ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓa ce kawai.

Maganar ƙasa kuwa ita ce rabin aikin a garin nan. Asalin alobera daga yankin Larabawa take, wajen duwatsun Oman, inda ruwan sama ba ya zama. Mu kuma a Legas ana zuba mana sama da milimita 1,500 a shekara, a watan Yuni sai a kwana a yini ana yi. Baƙar ƙasar da masu fulawa ke sayarwa a buhu tana riƙe ruwa da yawa, ita kaɗai ba ta yi. Ki haɗa ta rabi da rabi da yashi mai kaushi irin na magina, ki farfasa gawayi ki barbaɗa. Yashin ki wanke shi tukuna, don yawancin na Legas daga cikin ruwa ake yaso shi, na bakin teku kam kada ki kusance shi, gishiri ne. Taki kaɗan, kashin awaki da ya daɗe ya bushe, shi ma ba dole ba.

Tukunyar ƙasa ta fi, domin tana numfashi. In robar fenti ce da ke, ki ƙona ƙusa ki huhhuda gindin sosai, ki ɗora ta kan bulo biyu don ruwa ya samu hanya. Mai faɗi ta fi mai zurfi, saiwar alobera ba ta nutsawa can ƙasa. Kada kuma ki ɗauki ƙaramin ɗa ki sa a ƙatuwar roba wai don ya sake. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita ke zama da ruwa. Ki binne saiwa da ɗan kututturen kawai, gindin ganye ya tsaya a sama. In yana rangaji, ki tokare shi da tsakuwa. Sati guda babu ruwa. Bayan nan sai kin tura yatsa kin ji ƙasa ta bushe ƙarau sannan ki ba shi, ki ba shi sosai, ki sake mantawa da shi. Wajen sati uku zuwa huɗu ki ɗan ja shi a hankali, in ya turje to ya kama.

Ki aje shi inda hantsi ke samunsa, ba ƙarƙashin indararo ba, ba kuma tsakiyar ranar azahar ba tun yana sabo. In ganyen ya ɗan yi ja ko ruwan ƙasa a satin farko, kada hankalinki ya tashi, zai dawo kore. Wanda za ki ji tsoro shi ne gindi ya yi laushi ya fara wari. Lokacin dashe da ya fi dacewa a nan daga Nuwamba ne zuwa Maris. Ɗan hutun ruwan Agusta ma yana yi, in kina da rumfa.

Shi kuwa ganye, to, an ce wasu sun dace. Ganyen alobera ba shi da ido, cikinsa kusan duk ruwa ne, in kin soka shi a ƙasar Legas zai narke ya bar miki yauƙi da ƙudaje. Masu bidiyon da ke nuna ganye ya yi saiwa, wataƙila da moda suke rikita ta, mai dogon ganye a tsaye, ita ce ake yanka ganyenta ya yi saiwa. Abin da ke kamawa shi ne kan tsohuwar uwa da ta yi dogon wuya tana kifewa: ki sare ta da guntun kututture, ki shanya sati guda, ki dasa. Iri kuma, na taɓa biyan kuɗin wani ƙunshi da aka tallata a intanet da hoton alobera shuɗiya, abin da ya fito ciyawa ce. Ko na gaskiyar ne, ta gida ba kasafai take yin iri mai tsirowa ba, kuma sai kin jira shekara uku zuwa huɗu kafin ki yanki ganyen kirki.

Tunda na ji kin ce da gashi da fuska har da sha kike so, wannan ruwan ɗorawar mai ɗaci da ke tsatsowa in an yanka ganye ba na wasa ba ne. Yana sa zawo da murɗar ciki, mai juna biyu da yara kada su sha. A Amurka tun 2002 hukumar magungunansu ta hana sayar da shi a matsayin maganin wankin ciki da ake saye ba da takardar likita ba. Ki jingine ganyen a tsaye minti 15 ya tsiyaye, ki wanke, sannan ki fere ki ɗebi farin.

Ba ki tambaya ba, amma in babu mai ba ki kyauta sai kin saya, ki buɗe ido da masu fulawar bakin titi, ko a Ikorodu Road ne ko Ikeja ko Lekki. Akwai na Allah a cikinsu, akwai kuma wanda zai sare kai ba saiwa ya cusa a leda da safe ya sayar miki da rana. Wani zai lulluɓe ruɓaɓɓen gindi da fararen duwatsu masu kyau. Wani kuma wata shuka ce daban mai kama da ita zai miƙo miki, mai tsinin ƙaya a ƙarshen ganye, cikinta zare ne ba yauƙi ba, ruwanta kuma ƙaiƙayi yake sa wa a fata. Ta gaskiya ƙayoyin gefenta masu taushi ne, in kin ɓalli ganye za ki ga farin yauƙi garau. Manyan ganyayen da ake sayarwa a kasuwa ɗai-ɗai kuma na amfani ne, duk wanda ya ce miki na dashe ne kuɗinki yake so.

Ki zaɓi tukunyar da uwa ke ciki da 'ya'ya biyu ko uku a gefe, ko da ta ɗan fi tsada, kin sayi uku ko huɗu ke nan a kuɗin ɗaya. Ki matsa gindin da yatsa ki ji tauri, ki ce ya zaro miki ita daga leda ki ga saiwa da idonki. In ya fara cewa za ta lalace, ki yi masa sallama ki ƙara gaba.