Na kai gafakar kakanmu Gidan Arewa

Da kakarmu ta rasu bara aka buɗe adakarta, can ƙasa ƙarƙashin zannuwa muka tarar da wata gafaka ta fata, ta bushe ta yi ƙamas. Takardu ne a ciki, rubutun hannu, na kakanmu wanda ya riga ta rasuwa da kusan shekara talatin. Gara ta ci gefen wasu, sauran kuma sun cakuɗe, ba a san farko ba balle ƙarshe. Ni malamar firamare ce a Funtuwa, Larabcina bai kai in warware su ba. Na fara kai su wani shagon kwafi, yaron ya danna musu murfin inji, ganye biyu suka tsage a gabana. Har yau abin yana ci mini rai.

Wani abokin aikina ne ya ce in gwada Gidan Arewa a Kaduna, lamba 1 a titin Rabah. Nan ne gidan Sardauna Ahmadu Bello, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. A 1970 aka mai da wurin cibiyar adana tarihi da bincike, Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, shi ne shugabanta na farko, kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai ɓangaren kayan tarihi da baƙi ke zagayawa, amma ni ba shi ya kai ni ba, wajen ma'ajin takardu na nufa.

Ma'ajin dattijo ne mai furfura, ba shi da yawan magana. Da na gaishe shi na miƙa gafakar, bai karɓa ba sai da ya tashi ya wanke hannu ya goge sarai. Ya shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ya ce, “Malama, ajiye biron nan, ga fensir.” Na kai yatsa baki zan buɗe shafi kamar yadda muka saba, ya ɗaga hannu a hankali: “A'a, 'yata, yawu yana cin takarda.”

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa nake wannan rubutu. Ya nuna mini wata kalma ƙwaya ɗaya da aka rubuta ita kaɗai a ƙasan shafi. Ashe malaman dauri ba sa ɗinke littafi, ba sa kuma sa lamba. Kalmar nan ita ce za ta buɗe ganye na gaba. Da ita ya riƙa bi, ganye bayan ganye, sama da awa biyu, har abin da na ɗauka tarkace ne ya tashi littafi. Ya ce Risala ce, ta fiƙihun Malikiyya, wadda kusan duk almajirin ilmi ya karanta, saboda haka kada in sa rai wani abu ne da ba a taɓa gani ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar. Darajarta, in ji shi, tana gefe, inda aka yi ƙananan rubutu da ajami ana fassara kalmomi masu wuya da Hausa. Ya karanta mini kaɗan. Hausar kakana ce, irin wadda na ji a bakin kakarmu, sai da na share hawaye.

Sai ya ɗaga ganye ɗaya saitin taga. A cikin jikin takardar sai ga jinjirin wata guda uku a jere. Ya ce alamar masu yin takarda ce na ƙasar Italiya, irin wadda fatake ke shigowa da ita ta hamada daga Tarabulus. Ban taɓa tunanin akwai abu a cikin takarda bayan abin da aka rubuta a kanta ba.

Da muka ɗan huta na tambaye shi yadda ya san duk wannan. Ya ce yana saurayi ya fara, da ɗaukar fayil da kakkaɓe ƙura, yana kallon hannun na gaba da shi. Karatun ya zo daga baya. Ɗalibai da yawa sun zauna a gabansa sun zama daktoci da farfesoshi, shi kuwa yana nan da akwatunansa, yana faɗa da gara da danshin damina. Bai faɗe shi da ƙorafi ba. Ni ce dai nake ganin irin waɗannan mutane ba a ba su girman da ya kamace su, alhali rabin abin da ke ɗakin yana cikin kansu.

Wanda zai je, ya je da lokaci a hannu, ba wurin sauri ba ne. Ya riƙe katin shaida da fensir, ya kuma san abin da yake nema. Idan takardun gado ne, kada a liƙa musu salatif, kada a kulle su a leda. Ni shawarar da ya ba ni ita ce in naɗe su a farin ƙyalle mai tsabta, in ɗaga su daga ƙasa, nesa da bango. Na yi hakan. Kawuna na Bakori ya ce shi ma akwai gafaka biyu a ɗakinsa, hutun da ke zuwa tare za mu koma.