Ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro masu zaman kansu: abin da na samu da abin da aka hana ni

Abokan aiki suna ta tambayata ko kuɗin ƙungiyar nan yana biyan kansa, tunda lokacin sabunta rajista ya zo. Ni dai abu ɗaya ya ja ni na shiga, wato alkawarin da suka yi cewa idan tafiya ta kama ka ko ka kwanta ciwo, za su samo maka likitan riƙon ƙwarya. Duk wanda ya bar asibitin koyarwa ya buɗe nasa ya san abin da ya baro. A can idan ka ga abin da ya ɗaure maka kai, ɗakin da ke kusa za ka leƙa ka kira wani ya zo ya sa ido. A nan kai ne babba kai ne ƙarami, kai ke biyan albashin nas, kai ke rigima da kamfanin inshora, kuma da tsakar dare wayarka ce ke ƙara.

Inda suka burge ni kuwa, a kan wani yaro ne ɗan shekara 15. An turo min shi da takarda cewa tsiro ne a hanci, a cire. Watanni yana haɓo ta kafar hanci ɗaya, kafar kuma ta toshe har ya koma numfashi da baki. Da na sa endoskop, wato siririyar na'urar da ake leƙa cikin hanci da ita, sai ga ƙari jawur, mai sulɓi, ya cika bayan hancin. Namiji a shekarun balaga, haɓo ta gefe guda: duk wanda ya yi horon fannin nan, anjiyofaibroma, wato wani nau'in ƙari da ke tsirowa a bayan hanci, ce za ta fara faɗo masa a rai, kuma ya san ba a kai mata ƙarfe a ɗakin duba marasa lafiya da sunan yanko na gwaji. Ba kansa ba ce, amma cunkushe take da jijiyoyin jini waɗanda ba su da tsokar da za ta tsuke su idan an yanka, shi ya sa jininta ba ya tsayawa da sauƙi. Hoton CT ya ƙara tabbatar min: ramin sfenofalatin, wata 'yar kafa a ƙashin da ke can bayan hanci, ya buɗe, bangon baya na kogon kunci ya tanƙwaro gaba, alamar da likitoci ke kira Holman-Miller.

Gane ciwon bai dame ni ba. Inda zan kai yaron ne ya hana ni barci. Aikin yana son wurin da za a toshe jijiyar da ke shayar da ƙarin kwana ɗaya ko biyu kafin tiyata, da jini a ajiye, da likitan sa barci da ya saba da irin wannan zubar jinin, da hannun da ya taɓa yi. Ba ni da ko ɗaya a ɗan asibitina. Ga mahaifin yaron ya fara gajiya da ni, yana cewa akwai wanda ya ce zai cire abin cikin ƙanƙanin lokaci. Wallahi wannan maganar ta fi komai tayar min da hankali, don na san idan ya fita daga wurina hannu rabbana, can zai nufa.

Da dare na kira layin neman shawara na ƙungiyar, ina zaton sakatare zai ɗauka ya ce in rubuto. Haka kuwa aka yi, sai dai ban gama ajiye wayar da kyau ba wani dattijon likitan hanci ya kira ni da kansa, mutumin da sau da yawa na ga ana miƙewa idan ya shigo taro. Ya ce, "Likita, goge sunan yaron ka turo min hotunan yanzu." Na tura. Ya sake kira ya ce in ƙara duba wani yanki, ƙarin ya fara kutsawa gefe ta bayan kogon kunci, don haka a yi hoton MRI kafin kowa ya yi maganar ranar aiki. Na ce, "Ranka ya daɗe, matsalata uban ne." Ya ce, "Ƙanena, gobe idan ya zo ka ba shi wayar." Da safe ya yi magana da mutumin nan a tsanake, bai tsorata shi ba, bai kuma ɓoye masa komai ba. Na ga uban ya zauna, ya daina kallon ƙofa.

Dattijon likitan ne ya nemo wa yaron gado a babban asibitin da ke da kayan aikin, ya kuma ce in zo in tsaya a tiyatar. Ta hanci aka yi aikin da endoskop, ba a tsaga fuska ba, na ga yadda suka goge ƙashin da ke gindin ƙarin don kada a bar saiwar da za ta sake tsirowa. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne bayan sallama sun dawo min da yaron da cikakken rahoto, suka ce ni zan ci gaba da duba shi, in aika musu idan na ga wani abu. Mu masu zaman kanmu mun san tsoron da ke hana wasu tura mara lafiya gaba: ka tura, ya tafi kenan, ko labarinsa ba ka ƙara ji. A lokacin, da an tambaye ni, da na ce kowa ya shiga ido rufe.

To amma riƙon ƙwaryar da na biya kuɗi dominta fa? Duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci sabo. Tafiya ta iyali ta taso min, na sanar da ofishinsu tun da wuri, suka amsa cewa an samu wanda zai tsaya min. A kan maganarsu na tsara aikin cire tonsil, wato 'yan tsokar nan biyu da ke gefen maƙogwaro, na wasu yara kafin in tashi. Kowa a cikinmu ya san jinin da ke ɓallewa bayan wannan aikin ya fi zuwa tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin da ɓawon ciwon ke faɗuwa, kuma ba ya tambayar ko likitan yana gari. Ana gobe zan tashi aka turo min saƙo cewa wanda aka samu ɗin ya fasa. Babu wani a madadinsa, babu ko kiran waya. Na fasa tafiyar, don ba zan bar 'ya'yan mutane da lambar da ba mai ɗauka ba. Da na yi ƙorafi sai aka ce ai abin da ke cikin sharuɗɗa shi ne za su yi ƙoƙari. A takardar tallarsu babu kalmar ƙoƙari, da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa za ka huta hankalinka kwance.

Tarukan wata-wata su ma sun fara isata. Rabin lokacin na masu sayar da kaya ne, a yi ta nuna mana balan-balan na buɗe kogon hanci, alhali abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya daban ne: inshora ta ƙi biyan kuɗin gwajin ji, na'urar gwajin kanta tana son a daidaita ta duk shekara ba ka san wa za ka kira ba, nas ɗin da ka horar ta bar ka. A wani zama ma har aka haska hoton sikanin mara lafiya da sunansa a sama ƙuru-ƙuru, ba wanda ya tanka daga kan teburin shugabanni. Wannan a ƙungiyar likitoci bai kamata a gani ba.

Zan sabunta, amma a ƙaramin mataki, wanda ya ba ni layin shawara kawai. Maganar riƙon ƙwarya mun daidaita tsakanina da wata abokiyar aiki da muka haɗu a taron, tana tsaya min ina tsaya mata. Wanda zai shiga saboda wannan alkawarin ya sa su rubuta masa sunan wanda zai tsaya masa da na madadinsa tun kafin ya sa ranar tiyata. Na kai wa shugabannin ƙorafina a rubuce, har yau ina jiran amsa.