Gargaɗi ga matan Maradi masu kiwo: hattara da mai kajin araha

Assalamu alaikum. Na daɗe ina saƙa da warwara kan ko in faɗi wannan magana ko in bar wa Allah, don abin kunya ne a ce mace ta shekara 10 tana kiwon kaji sannan a yi mata irin wannan wayo. Amma shekaranjiya a gidan suna na ji wata baiwar Allah daga Ali Ɗan Sofo tana ba da labari sak irin nawa, har kalaman da mutumin ya yi mata, sai na ga shirun nan cutar wasu zai yi.

Mutumin da babur yake yawo, keji biyu ɗaure a baya. Ba ya talla da ƙarfi. Da hantsi yake shigowa unguwa, lokacin da maza suka fita nema, sai ya tura yaro ya ce ana sallama da matar gida. Ni ga abin da ya ce mini: "Hajiya, sagaru ne na gidan gona, saura sati biyu su fara ƙwai. An yi musu allura duka. Mai gonar ne abinci ya fi ƙarfinsa, yana son ya rabu da su yau." Ya ciro waya ya nuna mini bidiyon wata gona cike da jajayen kaji. Kowace ɗaya jika 2.

Kada a ce kwaɗayi kawai ya ja ni, ko da yake akwai shi. A satin na ɗauki kuɗina na asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka faro a nan jiharmu tun 1991, da niyyar sayen jar akuya. Ranar Litinin na je kasuwar dabbobi, dillali ya faɗa mini kuɗin 'yar budurwar akuya, na yi masa sai an jima na kamo hanya. Rago kuwa ko tayawa ban yi ba. Ga kuɗi a hannu ba su kai akuya ba, ga kaza mai shirin ƙwai a farashin da ko 'yar Hausa ba a samu. Mutumin nan ya san haka. Ya san tsadar bisashe ta tura mata da yawa ga kaji, kuma ya san lokacin da ake rabon asusu. Na sayi 12, ya ƙara mini da wani farin gari a leda marar rubutu, wai na ƙarin ƙarfi, jika 3.

Laifina na kaina shi ne a daren na zuba su akurki ɗaya da nawa. Ina da kaji 19, zakaru 2 da zabi 6, wasu tun daga kakanninsu a gidan nan aka ƙyanƙyashe su.

Kwana 4 ba abin da ya faru. A na biyar na tarar da biyu daga cikin baƙin sun saki fukafukai, suna gyangyaɗi, suna buɗe baki kamar mai neman iska, kashinsu kore tsanwa. Na kira shi, kuma abin da ya ƙara rufe mini ido ke nan: ya ɗauka, ya zo. Ya duba ya ce sanyin hunturu ne, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihun rigarsa ya ce rigakafi ce, a zuba a ruwan sha, jika 5. Na biya. Tun daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. Kwana biyu bayan nan cutar ta faɗa wa nawa. Wata sai ka ga wuyanta ya murɗe tana kallon sama tana juyi, wata kuwa lafiya lau da magariba, da asuba gawa. Na yi barkono, na jiƙa ɓawon maɗaci, na fasa kafson tupaye a ruwa, duk a banza. Cikin kwana 10 kaji 3 suka rage mini da zabi 4.

Sai da ɓarna ta gama na tura yaro ya ɗauko likitan dabbobi. Ya ce alamun na cutar Newcastle ne, wadda wasu ke kira fakat. Ƙwayar birus ce, ba ta da magani in ta kama, tupaye da danginsa ba sa taɓa ta. Tana iya ɓuya a jikin kaza kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana, mafi yawa kwana 5 ko 6. Wato kazar da ta fito daga garken da cuta ta shiga za ta iya tsayawa garau ranar ciniki. Masu irin wannan sana'a garken da ya fara mutuwa suke kwashewa a arha, su yi sauri su rarraba kafin ya nuna.

Daga nan ya ɗaga ɗaya daga cikin matattun ya ce, "Hajiya, wa ya ce miki sagara ce wannan?" Ya nuna mini ƙafa ta koɗe fat, ƙirji da wuya gashi ya zube, farce ya yi tsawo. Tsofaffi ne da suka gama ƙwai. Kazar gona tana fara ƙwai wajen sati 18 zuwa 20, in ta kai kamar shekara ɗaya da rabi sai a sayar da ita don nama. Sayar da tsohuwa ba laifi ba ne in an ce tsohuwa ce. A kira ta budurwa, nan ne ha'incin yake.

Kwalbar aljihu kuwa dariyar takaici ya yi. Rigakafin kaji a firiji yake zama, sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma cikin ƙanƙara ake ɗaukarsa. Irin su LaSota in an haɗa da ruwa, cikin awa 2 ake gamawa da shi. Ko I-2 da ake ɗigawa a ido, wanda ya fi jure zafi, ba a yi shi don ya yini yana yawo a aljihu cikin ranar Maradi ba. Sannan kaza mai lafiya ake yi wa rigakafi, kafin hunturu ya shigo, a riƙa maimaitawa kamar duk wata 4. Wadda ta riga ta kwanta ba abin da zai yi mata.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗin tayar mini da hankali. Ya ce da ido kawai ba a rarrabe wannan cuta da murar tsuntsaye, wadda aka gani a Magariya a 2006, ita kuma tana iya kama mutum. Ni kuwa yarana ne ke kwashe matattun da hannu.

Wata maƙwabciyata, da kyakkyawar niyya, ta ce, "Yaya, ki kai sauran kasuwa ranar Juma'a tun suna tsaye, ko rabin kuɗinki ki samu." Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Amma in na yi, me ya raba ni da mai babur? Haka cutar ke tafiya daga Maradi zuwa Tibiri, daga Jiratawa zuwa Madarunfa: kowa ya ga ta fara, sai ya tura wa na gaba. Matattun mun haƙa rami mai zurfi mun rufe, ba bola ba inda karnuka za su ja su gida-gida. Akurkin an share, an ƙone shimfiɗar, an wanke da ruwan jabel, yana nan ba kowa a ciki.

Duk kazar da za ki saya, ko daga hannun ɗan uwanki ce, ki ware ta sati 3 nesa da naki, kwanon ruwanta daban. Ki hura gashin ƙirji, ki duba gindi ko akwai kashi a manne. Wanda ya ce an yi allura, ya faɗi wace iri, yaushe, wa ya yi. Maganin da ba takarda a jikinsa kada ya shigo gidanki. Rigakafi kuma a nemi ma'aikatan kiwo, ko kantin maganin dabbobi da kika ga firijinsa da idonki.

Na kai magana wurin mai unguwarmu, ya ce a sanar da shi in an ga mutumin. In ya yi muku sallama, don Allah kada a taɓa lafiyarsa. A riƙe shi da ciniki, a tura yaro ya kira mai unguwa ko 'yan sanda. Ledar farin garin da kwalbar suna nan na adana, su za a fara ajiye masa a gaba.