Kunne ya toshe da datti: me za ka saya a kemis, me za ka bari?

Kunne yana share kansa. Fatar ramin tana tafiya sannu a hankali daga dodon kunne zuwa waje, tauna da magana kuma suna turo dattin. Toshewa kan zo ne idan dattin ya bushe ya daskare, ko an danna shi ciki da auduga. Saboda haka abin saye shi ne mai tausasa dattin, ba mai tono shi ba.

Man zaitun ya fi araha, ya fi kuma sauƙi ga fata. Ka kwanta a gefe, kunnen da ya toshe yana sama, a ɗiga ɗigo 2 zuwa 3, ka tsaya haka minti 5 zuwa 10. A yi sau 3 ko 4 a rana, kwana 3 zuwa 5. Kada a ɗora man a wuta, riƙe kwalbar a tafin hannu ya isa ya ɗumama shi. Aibinsa jinkiri, don dattin kan yi kusan mako 2 yana fitowa kaɗan-kaɗan. Maganin ɗigawa kowane iri yana iya ƙara toshe ji a kwanakin farko, kafin dattin ya saki, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya su koma wa tsinke.

Mai gaggawa ya duba ɗigon sodium bicarbonate na kashi 5 cikin 100. Yana narkar da busasshen datti, sai dai yana busar da fata har ta yi ƙaiƙayi. Carbamide peroxide na kashi 6.5, irin su Debrox, ana ɗiga 5 zuwa 10 sau 2 a rana, kada a wuce kwana 4. Za ka ji yana tafasa a kunne, kumfa ce kawai. Ɗigon kunne na Cerumol kuwa akwai man gyaɗa a ciki, wanda jikinsa ba ya son gyaɗa ya kauce masa. A Najeriya a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

'Yar robar matsa ruwa tana da amfani, amma sai dattin ya yi laushi. Ruwan ya zama ɗumin jiki, digiri 37; mai sanyi ko mai zafi yana kawo jiri nan take. Ja kunnen sama da baya, ka matsa a hankali ta gefen ramin, ba saitin dodon ba, sannan ka karkata kai ruwan ya fita.

Auduga mai tsinke, kan ashana, gashin kaza da murfin biro duk aikinsu ɗaya: tura datti ciki da ƙuje fata. Cokalin kunne mai kyamara da ake talla a intanet tsada ce kawai, ganin hoto a waya ba ya hana hannu zamewa. Kyandir ɗin kunne, mai rami a ciki da ake sa wa a kunne a kunna wuta, ba ya zuƙo komai, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kansa a 2010 saboda ƙuna.

Wanda kunnensa ke ciwo ko zubar da ruwa, ko dodonsa ya taɓa fashewa, ko an yi masa aiki a kunne, kada ya ɗiga komai. Mai ciwon suga ya bar wankin ruwa. Su, da ƙananan yara, da wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, asibiti za su je a duba da fitilar kunne.